Kafireto a Tandar Waina

Tun ranar da muka tare a gidan nan nake tsoron ƙwanƙwasa ƙofa. A lokacin ba wanda ya ce mana komai, ba mu kuma yi wa kowa laifi ba, amma ko mai kawo wasiƙa ne ya buga ƙyaure sai in ji gabana ya faɗi. Dalili kuwa, gidan ba namu ba ne, ba na haya ba ne, ba kuma na council ba, wato ƙaramar hukuma. Gidan aiki ne. Ɗan ƙaramin gini ne a ƙuryar wani filin ƙwallo a Dagenham, nan ƙasar Turawa, an yi shi don mai kula da filin, mijina kuwa shi ne mai kula da filin. Shi ke yanke ciyawa, ya ja farin layi, ya buɗe get da safe ya rufe da yamma. Ranar da aikin ya bar hannunsa, ranar za mu miƙa makulli. Haka aka gaya masa, haka ya gaya mini, yana ma dariya.

Ni ban yi dariya ba. Kafin nan a ɗaki ɗaya muka zauna a saman wani shago, muna haɗa banɗaki da mutanen da ban san sunansu ba, jaririyata tana ta tari saboda danshin bango. Na san inda za mu koma idan muka bar nan.

Karatuna bai yi nisa ba, Turancina kuma bai wuce na gaisuwa da na kanti ba. Don haka ba na zuwa ko'ina. Ranar Juma'a shi ya kan hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya tafi masallacin Regent's Park, ni kuwa sai da Sallah. Sauran kwanakin ina tsaye a tagar kicin ina wanke-wanke ina kallon ciyawa. Ban taɓa sanin ciyawa tana da naci haka ba sai a ƙasar nan. A gida da awaki sun gama da ita tun tana leƙo kai. A nan ba akuya, ba rani, ruwa kawai yake yi mata yayyafi tana miƙewa.

Sanyi ya fara sauƙi ke nan, itatuwan bakin shinge sun fara toho, sai ƙugun mijina ya riƙe. Ƙarfen ragar ƙwallo ya ɗaga shi kaɗai don ya gyara masa zama. Ina cikin ba yarinya abinci na hango shi ta taga yana tahowa a duƙe, yana dafa gwiwa, ya yi taku ya tsaya. Da ya shigo bai ko cire takalmi ba, ya zube a kan kafet ɗin falo. A nan ya zauna makonni. Da ƙyar ya yi booking, GP, wato likitan unguwa, ya yi magana da shi ta waya, aka rubuta masa ƙwayoyi, aka ce an sa shi a layin masu gashin ƙashi, za a kira shi.

Na ce, “Malam, ka gaya wa 'yan kwamitin filin mana. Ciwo ai ba laifi ba ne.”

Ya ce, “Wanda na gada, gwiwa ce ta kama shi. Ba su kore shi ba. Kati suka ba shi da fure, suka yi masa godiya sosai. Kin gan shi a gidan nan?”

Shi har lokacin bai fita daga watannin gwajin aiki ba.

Buɗe get da rufewa ba wuya, na karɓa. Tsince gwangwanaye da leda ma na karɓa, da yarinya a bayana. Amma ciyawa ta ƙi jira. Tana ta hawa har ta fara rufe farin layin bara, ga shi kuma ranar Asabar yara za su buga wasansu na farko. Sai ya ce in matso, yana kwance yana kallon silin ya koya mini tuƙi da baki: ga birki, ga makulli, ga abin da za ki ja wuƙaƙen su sauka. Ni da ko keke ban taɓa hawa ba.

Injin yana cikin sito a bayan gida. Kamar ƙaramar tarakta yake, da kujera da sitiyari, wuƙaƙen suna ƙarƙashin cikinsa. Tun shigowar sanyi ba a taɓa shi ba, har gizo ya yi saƙa tsakanin sitiyari da kujera. Na yi bisimilla na hau, na taka birki, na murɗa makulli. Ya yi gurnani, ya kama kamar zai tashi, ya yi tari, ya mutu. Na sake. Haka. Na yi ta yi har ƙarar ta fara sanyi, na ji tsoro kada in kashe batir, na sauko.

Da na koma falo na gaya wa mijina, ya ce, “Buɗe tankin ki sansana. Warin me yake yi?”

Na je na dawo. Na ce, “Ba warin fetur ba ne. Kamar tsohon fenti.”

Ya rufe ido ya daɗe bai buɗe ba. Sannan ya ce in miƙo masa waya, ya yi ta dube-dube, can ya ɗora ta a ƙirji ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

Ashe kafin ya ajiye injin, sai da ya cika tankin maƙil, har da jarka a gefe. Na tuna ranar, ya shigo yana murna yana cewa bana ya yi shiri da wuri. Mutumin da ya sha tsayuwa a layin mai a Kaduna ba ya ajiye abin hawa da tanki wayam, in dai ga mai a gabansa. To man ƙasar nan ba ya son ajiya. Idan ya kwanta tsawon sanyi sai ya lalace, ya zama kamar ƙaro, ya toshe hanyoyin da ke cikin kafireto, wato inda mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji. Su 'yan ƙasar tsiyaye tanki suke yi kafin su ajiye. Ba wanda ya gaya masa, don ba wanda ya zaci akwai mai yin akasin haka.

Na ce, “A kira makaniki.”

Ya ce, “Makanikin ta hannun kwamiti yake zuwa. In ya zo wa zai tare shi? Ke, ko wannan gawar da ke kwance?”

“Daina faɗa wa kanka haka.”

“To ki zama makanikin.”

Na zaci wasa yake yi.

Washegari da hantsi na goya yarinya, na ɗaure ta da majanyi tamau, na shiga sito. Na jingina wayata a jikin gwangwanin fenti, muka haɗa video, shi yana falo ni ina nan, tsakaninmu bai fi jifa ba amma kamar yana wata ƙasa. Abin da ya fara damuna shi ne ƙananan ƙarafan da zan kwance. Yarinyar tana shekarun da komai ta tsinta sai baki, ni kuma na san kaina, in na zube su wuri ɗaya ba zan gane na farko da na ƙarshe ba. Na koma kicin na duba, idona ya faɗa kan tandar waina, ta ƙarfe, wadda innata ta cusa mini a akwati ranar da zan taho. Na ɗauko ta. Kowane gurbi zai ɗauki abu ɗaya, in fara daga dama in zagaya, yadda nake zuba ƙullu.

Da ya gan ta a waya ya ce, “Yau wainar noti za mu ci ke nan?”

Na ce, “In ka ga dama ka taso ka soya da kanka.”

Na ɗaga murfin gaba. Ya sa na fara zare wayar fulogi, wai don kada injin ya yi gigin tashi hannuna na ciki. Sannan murfin iyakilina, wato matatar iska, da soson da ke cikinsa, da akwatin robar da ke riƙe da su. Duk notin da ya fito in sa shi a gurbinsa. Kafin in taɓa komai sai ya ce in ɗauki hoto.

Ya ce, “Ga kafireton nan, wannan mai ɗan kwano a ƙasansa. Shi ne.”

“Wanne? Malam, duk baƙaƙe ne.”

“Ba wannan ba. Hagunki. Ɗaya hagun naki, Injiniya.”

Kafireton bai kai dunƙulen hannuna biyu ba. Na yi mamaki a ce ɗan wannan abin ne zai fitar da mu daga gida. Na murɗa famfon mai na rufe, na matse ƙarfen da ke bakin tiyo da filaya na ja shi baya. Tiyon ya ƙi fita, ya manne. Na murɗa, na ja, na sa ƙarfi, sai ya fizgo gaba ɗaya, ragowar man da ke ciki ya wanke mini hannu har gwiwa. Warin ya cika siton. Yarinya ta yi atishawa a bayana ta fara kuka. Na fita da gudu na tsaya a iska ina jijjiga ta, ina leƙa fuskarta ta kafaɗa, ina tunanin ko ta shaƙi abin da zai taɓa mata ƙirji. Ƙasar da ake cewa in maƙwabci ya ga abin da bai gamsu ba game da yaro, waya kawai zai ɗaga ya kira hukuma. Na kai ta wajen ubanta, na rufe ƙofar falo, na ce ya riƙe bakin rigarta. Ba zai iya ɗaga ta ba, amma riƙewa zai iya.

Dogayen ƙusoshi biyu ne suke riƙe da kafireton a jikin inji. Sifana ta yi ta zamewa, ta ɗauke mini fatar yatsa. Da suka saki, abin bai fito ba, akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da wani sifirin kamar gashi da suka maƙale shi ta sama. Ya ce kada in ja, in karkata shi a hankali har ƙarfen ya zame daga hujinsa. Na karkata. Ya zame. Na tsaya riƙe da shi a tafin hannu, yana ɗigar da wani ruwa rawaya, ga rami a jikin injin inda yake dā. A nan ne tsoron gaske ya kama ni. Dā injin ba ya tashi ne kawai. Yanzu kuwa na farke shi.

Ina tsaye haka na ji ana buga ƙofar gida.

Na leƙa ta tsagar sito. Shugaban kwamitin ne, wani dogon tsohon Bature mai hular ulu, da karensa a igiya. Ban san lokacin da na ajiye kafireton na rufe siton na zagayo ba, hannuwana a ƙarƙashin hijabi don kada ya ga baƙin mai. Ya gaishe ni, ya tambayi mijina. Kalmomin Turancin duk suka gudu, saura ɗaya. Na ce, “Praying.”

Tsohon ya ja da baya kamar ya taka wani abu, ya rage murya, ya ce sorry har sau nawa. Ya juya ya kalli filin, ya sa ƙafa ya shafi ciyawar, ta rufe masa takalmi. Ya ce, “Saturday?” Na ɗaga kai alamar e. Karen kuwa sai jan igiya yake yi yana son ya sansana hijabina. Tsohon ya ja shi suka tafi.

Na shiga falo. Na ce, “Na ce masa salla kake yi.”

Ya dube ni, ya dubi agogo. Ya ce, “Miƙo mini dutsen taimama. In yi nafila ko raka'a biyu ce, kada ki kwana da ƙarya.”

Ya yi ta a kwance, da ido da ka, yarinya tana hawa cikinsa tana sauka.

Bayan azahar na shimfiɗa jarida a bakin ƙofar kicin ta baya, inda zai iya hango ni daga inda yake, na kawo tandar da kafireton. Na kwance ɗan kwanon da ke ƙasa. Abin da na gani a ciki kamar ƙanzon miyar kuka da ta kwana, kore-kore, mai danƙo. Akwai wata farar roba mara nauyi, ya ce ita ke tasowa in mai ya cika ta rufe hanya, irin ta tankin banɗaki. Na zare ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita, ta fito da wata 'yar allura a maƙale. Kowanne da gurbinsa. Na fesa maganin wankin da na samo a kan kanta a sito, na goge da tsohon buroshin haƙori, danƙon yana narkewa yana bin jarida.

Saura abu ɗaya, ɗan guntun tagulla mai kai kamar na noti, wanda ya kira jet. Ta cikinsa mai yake bi. Ya ce in ɗaga shi sama in duba, in na ga haske ta hujin to ya buɗe. Na ɗaga. Ba haske. Na fesa, na busa da baki har fetur ya ɗaure mini harshe. Ba haske.

Nan na tuna injin markaɗen innata. Duk sanda ya ƙi tashi, mai gyara ya kan tsuguna a zaure, ya miƙa hannu ya karyo tsinke daga tsintsiyarmu, ya soka a wani abu, ya busa, shi ke nan. Na ga haka ba sau ɗaya ba. Ina kuwa da tsintsiyar gida, ta kaba, wadda na saya a shagon 'yan Najeriya don ba na jin na yi shara in ba da ita ba. Na zaɓo tsinke siriri.

Ya ce, “Me za ki yi da wannan?”

“Haka ake yi.”

“A hankali dai.”

Ya shiga kaɗan ya tsaya. Na murza. Na ɗan ƙara ƙarfi. Ban ma ji ƙarar karyewarsa ba, na dai ga guntu a hannuna, sauran kuwa yana ciki, ya cika hujin daidai wa daida, ko kan da zan kama babu. Tsintsiyar ta daɗe a jikin hita, ta bushe ƙayau, ba irin ta zauren innata ba ce da ke shan ruwan wanke-wanke kullum.

Na gwada da farce. Na ciro fil ɗin hijabina, ya ce kul, in na buɗa hujin ya fi yadda yake, injin zai riƙa shan mai yana hayaƙi, an gama. Ya duba a waya ko za a samu sabo, aka ce sai an yi order, ba zai iso ba sai bayan Asabar.

Shi yana kallon silin, ni ina zaune a dokin ƙofa da ɗan tagulla a hannu, a gabana fili ne har iya ganina, kore shar, iska tana kaɗa shi. Ba inda za mu. Ba wanda zan kira. 'Yan uwana suna inda ko na gaya musu ba za su gane yadda ciyawa take korar mutum daga gida ba. Na yi kuka, ba da sauti ba, don kada yarinya ta taya ni. Shi ma bai ce in daina ba.

Yunwar yarinya ce ta tashe ni. Na wanke hannu na kunna gas zan ɗumama mata kunu, ina kallon shuɗiyar wutar, sai abin ya zo mini. Tsinke ai itace ne. Tagulla kuwa ba ta ci da wuta.

Da na faɗa masa ya ɗago kai har ya yi ƙara don zafi. “Wuta da fetur? Ke, so kike ki ƙone gidan mutane?”

“Zan wanke shi da sabulu tukuna. Akwai roba a jikinsa?”

Ya sa na kawo masa, ya juya shi a gaban idonsa. Ya ce babu. Ya ce in fitar da tandar da jaridar da komai can nesa, in buɗe taga, in canja hijabi. Na yi duka. Na wanke ɗan abin da ruwan zafi da sabulu, na shanya shi ya bushe, na kama shi da filaya na kara a gefen wutar, hannuna a miƙe, fuskata a kawar. Ba abin da ya faru. Can sai wani siririn hayaƙi ya fito ta hujin, da ƙauri irin na tsintsiyar da ta kusanci murhu. Na kashe gas, na bar shi ya huce da kansa a kan tayil. Na busa. Wani ɗan baƙin toka ya fito ya sauka a tafin hannuna. Na ɗaga shi wajen taga.

Ga haske, ƙanƙani kamar idon allura, zagaye sumul.

Na kai masa ya duba. Ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Bai ce Injiniya ba.

Mayarwa ta fi cirewa sauƙi, ban san dalili ba. Na bi tandar ta baya, daga gurbin ƙarshe zuwa na farko, ina duba hotuna. Sifirin ɗin nan mai kama da gashi ne kawai ya ba ni wahala, ya yi tsalle ya ɓace a ƙasan sito, na yi ta rarrafe ina shafa siminti har na same shi. Na tsiyaye tsohon man a wata jarka na tura ta lungu. Sabon mai kuwa sai da na je gidan man da ke bakin titi, da koriyar jarka a ƙarƙashin keken yarinya. Ban taɓa riƙe kan famfon mai ba. Na tsaya ina kallon yadda wata mata take yi, na kwaikwaya. Tandar dai ban sake soya waina a cikinta ba, na wanke ta har na gaji, warin ya ƙi fita.

Na hau, na taka birki, na murɗa. Ya yi gurnani, ya yi gurnani, ya yi tari, ya fesa wani farin hayaƙi, sannan ya kama. Ya kama ya zauna. Duk siton yana rawa, kujerar tana rawa, haƙorana suna haɗuwa. Ta waya na ga bakin mijina yana motsi, ban ji me yake cewa ba.

Murnar ba ta daɗe ba, don da na shiga gida ya ce akwai sauran magana. Ba a yarda kowa ya hau injin ba sai wanda sunansa ke cikin inshora. In aka gan ni a kai, gara a ce ba a yanke ciyawar ba. Gidajen da ke bayan filin kuwa duk tagoginsu nan suke kallo, ɗaya ma na tsohon nan ne.

Don haka da gari ya fara wayewa, bayan sallar asuba, na sa wandonsa na aiki na naɗe ƙafafun, na sa takalmansa da safa a cushe a gaba, na ɗora babbar rigarsa mai ruwan ɗorawa a kan hijabi, na ja hular rigar har goshi. Na bar masa yarinya tana barci a gefensa. Na fito da injin. Layin farko ya karkace kamar tafiyar maciji, na kusa ɗaukar ƙarfen raga. Daga baya na gane in na kafa ido a kan wata bishiya can gaba, ban kalli ƙasa ba, sai ya tafi sak. Duk juyowar da zan yi sai na kalli tagar falonmu, ina kasa kunne ko zan ji kuka, alhali ko ihu ta yi ba zan ji ba a cikin wannan ƙara.

Ranar Asabar yara suka buga ƙwallonsu. Tsohon ya zo ƙofa. Mijina ya sha maganinsa, na kama shi ya miƙe, ya jingina da bango daga ciki, ya buɗe ƙofar rabi. Ina bayan ƙyaure ina tallafe da ƙugunsa da hannu biyu, ina jin gumi yana jiƙa masa riga. Suka yi dariya, suka yi maganar ruwan sama. Da ya rufe ƙofar ya sulale ƙasa a hankali.

Na ce, “Me ya ce?”

“Ya ce filin ya yi kyau. Ya ce na iya tashi da wuri.”

“Shi ke nan?”

Ya kawar da kai. “Ya ce yanzu da zafi ya shigo, sau biyu za a riƙa yankewa a mako.”

Ana nan a haka har yau da nake rubuta wannan. Ƙugun ya yi sauƙi, yana takawa zuwa get ya dawo, yana ja farin layi a hankali. Amma girgizar injin ba ya iya ɗaukarta, ya gwada, sai da ya koma kafet. Masu gashin ba su kira ba tukuna. Dā ina ganin in injin ya tashi mun fita. Ashe tashinsa ne ya rufe mu, don yanzu kowa ya tabbata mijina lafiyarsa lau, ba kuma yadda za a koma a ce dama ba shi ne yake yankewa ba. Shi ba ya iya fita da safe kada a ga mutum biyu. Ni ba na iya sauka daga kan injin in ana kallo, don tafiyata ba irin tasa ba ce. Sai na shige sito da shi na rufe ƙofa sannan in sauko.

Kwanan baya ina gefen shingen da ke bin titi, na rage gudu zan juya, sai na ji an ɗaga murya an ce, “Sannu da aiki, ɗan'uwa!” Wani mutum ne da kayan ma'aikatan gidan tsofaffi, da alama daga aiki ya taso, Hausarsa irin ta mutanen Jos. Ya san mijina. Ban san yaushe rabon da wani ya yi mini Hausa a waje ba. “Yauwa, sannu” ta zo har bakina, na haɗiye ta, na ɗaga masa safar hannu na wuce. Da ya sake biyowa wata safiyar sai ya tsaya ya riƙe shingen, ya ce, “Malam, fushi ake yi da mu ne? Ko gaisuwa babu?” A daidai lokacin ga tsohon can da karensa yana zagaya filin. Na dunƙufar da kai na ƙara wuta. Na bar bawan Allah nan tsaye, ya ɗan jima, sannan ya tafi. Duk ranar ban ji daɗin raina ba. Ban tashi a gidan da ake gaishe ka ka yi shiru ba, kuma na san in aka ci gaba, wata rana bakina zai riga ni.

Saboda haka ina roƙon wanda ya karanta wannan, in kana zaune a wajejen Dagenham, ko hanya ta biyo da kai da sassafe, ka ga wani a kan injin yankan ciyawa da riga mai ruwan ɗorawa da hula har goshi, don Allah kada ka tsaya. Kada ka yi sallama, kada ka ce sannu da aiki. Ka yi mana addu'ar samun sauƙi a zuciyarka, ka wuce.